Kwana huɗu a Fulorens da iyali: masauki, tikiti, abinci da sayayya

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Muna shirin zuwa Italiya a dogon hutun makaranta, mu shida: ni, maiɗakina, yara uku masu shekara 13, 9 da 4, sai Hajiya mahaifiyata, wadda gwiwa ke damunta. Bayan Rum mun ware wa Fulorens kwana huɗu. Ina neman shawarar masu sanin garin a kan masauki, wuraren da suka cancanci a biya kuɗin shiga, abin da Musulmi zai ci hankali kwance, da inda ake sayen jaka da takalmi na fata ta gaske. Uwargida kuma tana tambayar gwal. Sannan mota zan yi haya daga Rum ko jirgin ƙasa za mu hau?

Injiniya: Wa alaikumus salam. In fara da tambayar ƙarshe: ka bar maganar mota. Tsakiyar garin duk yanki ne da suke kira ZTL, akwai kyamara a kowace mashiga, motar da ba ta da izini tana wucewa an ɗauki lambarta. Kowace shiga tararta daban, takardar kuma sai bayan watanni za ta biyo ka ta hannun kamfanin hayar, su ma su ɗora kuɗin hidimarsu. Jirgi mai gudu, Frecciarossa ko Italo, awa ɗaya da rabi ne daga tashar Termini ta Rum. Wajen sayen tikiti ka rubuta Firenze S.M.N., wato Santa Maria Novella, ita ce tashar tsakiyar gari. Akwai jiragen da Campo di Marte kawai suke tsayawa, in ka yi kuskuren wannan sai kun sake neman abin hawa da akwatuna. Ka saya da wuri, farashin yana hawa ne yadda ranar ke matsowa, kuma ka duba tayin iyali. Ɗan shekara 4 ya wuce shiga kyauta, sai an yanka masa nasa.

Daga tashar zuwa babbar majami'ar Duomo minti goma ne a ƙafa, daga Duomo zuwa gadar Ponte Vecchio wasu goma. Kusan duk abin da za ku gani yana cikin wannan ɗan fili.

Malam Na-Toskana: Gaskiyar Injiniya, amma minti goman nan na mai lafiyar ƙafa ne. Titunan da dutse aka shimfiɗa su, gefen masu tafiya a ƙafa kuma a wasu lunguna mutum biyu ba za su jera ba. Saboda Hajiya, masaukin ya kasance tsakanin tasha da Duomo ko wajen Santa Croce, kuma kafin ka biya ka rubuta musu tambaya uku. Akwai lifta, kuma tana farawa daga ƙasa? Gidaje da yawa sai an hau matakala goma sha wani abu kafin a iske ta. Akwai na'urar sanyaya ɗaki a kowane ɗaki ko a falo kawai? A Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 35, garin a kwari yake, iska ba ta kaɗawa. Tagogin suna da raga? Sauron bakin kogin Arno ba ya kawo zazzaɓin maleriya amma yana hana barci.

Mutum shida ba za su shiga ɗakin otal ɗaya ba, don haka fulat mai kicin ya fi muku sauƙi da araha. Akwai harajin kwana da ake karɓa daban da kuɗin ɗaki, tsakanin yuro 3.5 da 8 kowane mutum kowane dare gwargwadon darajar masaukin, ban da yaran da ba su kai 12 ba. Ku mutum huɗu ne masu biya, in an ce yuro 6 ne, dare huɗu ya kama 96. Mai masauki zai nemi fasfon kowa har ƙaramin, doka ce ta sa shi. Ku taho da adafta biyu ko uku, soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka ne, fulogin Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga. Mutanen Nijar su ba su da wannan matsalar.

Maman Ilham: Ƙarin albishir ga Hajiya: banɗakin gidajen Italiya yana da ƙaramin kwami na tsarki kusa da masai, da famfonsa. A waje ne babu, na kasuwa da na tasha kuma biya ake yi, kamar yuro ɗaya. A sa ƙaramar gora a jaka.

Baban Khalifa: Madalla. To maganar Duomo fa? Na ga tikiti kala uku, na rasa na ɗauka.

Malam Na-Toskana: Shiga cikin majami'ar kyauta ne, layi kawai, kuma cikin bai kai wajen ado ba. In layin ya yi tsawo ku wuce abinku. Abin da ake biya shi ne sauran. Brunelleschi Pass yuro 30, ya haɗa hawa ƙubba, hasumiyar ƙararrawa, ɗakin baftisma, gidan tarihi da tsohon ginin da ke ƙarƙashin ƙasa. Giotto Pass yuro 20, duk wannan ban da ƙubba. Ghiberti Pass yuro 15, babu hawa ko ɗaya. Masu shekara 7 zuwa 14 suna da ragi, ƙasa da haka kyauta. Kowanne kwana uku yake aiki.

Ƙubbar matakala 463 ce, babu lifta. Hanyar tana bi ne tsakanin ɓawo biyu na ginin, don magininta Brunelleschi ƙubba biyu ya gina, ɗaya cikin ɗaya, daga 1420 zuwa 1436, ba tare da katakon tallafi daga ƙasa ba. Ya jera tubalin a karkace yadda kowane zagaye ke riƙe kansa kafin a ɗora na gaba, kuma a kan hanyar hawa za ka ga jerin da idonka. Sai dai wurin matsattse ne, can sama sai an sunkuya, mutane na gabanka na bayanka, wanda ya gaji ba shi da inda zai koma. Shawarata: kai da manyan yara biyu ku hau, Hajiya da uwargida da ƙaramin su ɗauki Ghiberti su shiga gidan tarihin, akwai lifta da wurin zama da sanyi. Lokacin hawa da ka zaɓa ba a canza shi, wanda ya makara ya yi asara, kuma a bazara guraben sukan ƙare kwanaki kafin ranar. Ka ɗauki na farkon safiya. Jakar goyo ba ta shiga, sai an kai ta ma'ajiya, ka ƙara wa wannan minti ashirin.

Injiniya: Ni hasumiyar zan ce su hau maimakon ƙubba. Matakala 414, amma akwai benaye da ake tsayawa a huta, wanda ya gaji ya tsaya a nan ya jira. Kuma daga can ƙubbar kake kallo, ita ce abin hoton. Wanda ke kan ƙubba ai ba ya ganinta. Ban da haka hanyar ƙubba tana ratsa gindin zanen ranar hisabi, shaiɗanu suna cin mutane, ɗan shekara 9 zai iya kwana da shi.

Malama Hadiza: Tunda an taɓo zane, a faɗa wa Baban Khalifa gaskiya tun yanzu. Fasahar garin nan cike take da siffar mutum ba tufafi. Mutum-mutumin David na Michelangelo, wanda aka sassaƙa tsakanin 1501 da 1504, ya fi mita biyar, tsirara yake. Na asalin yana gidan Accademia tun 1873, amma kwafinsa yana tsaye a dandalin Signoria, inda dole ku ratsa. Babban gidan zane-zane na Uffizi ma haka. Kowane gida da yadda yake kallon wannan, sai dai gara ku yi magana da yara tun kafin ku iso dandalin.

A ganina Accademia ba ta cancanci kuɗi da layin iyali irin naku ba. Ga inda yara za su more. Gidan tarihin Galileo, bayan Uffizi a bakin kogi: madubin hangen taurarinsa na asali, kayan auna taurari na tagulla har da masu rubutun Larabci, da yatsarsa a cikin gilashi, wanda yara ba sa mantawa. Palazzo Vecchio, tsohuwar fadar mulkin garin a dandalin Signoria: akwai ɗakin taswirori na ƙarni na 16 a jikin ƙofofin kabad, a sa yara su nemo yankinmu a taswirar Afirka. A wani ɗakin kuma su nemo raƙumin dawa a zanen silin, wanda Sarkin Misira Qaitbay ya aiko wa Lorenzo na gidan Medici a 1487. Sai gidan Stibbert, can arewa da tsakiyar gari, da ba kowa ke zuwa ba: zaure guda cike da mahaya na Turai da na Daular Usmaniyya a kan dawakai, da sulke da kwalkwali da takubba, sai ka ce hawan daushe aka tsayar cak. Ba a buɗe shi ran Alhamis.

Malam Na-Toskana: Malama, Accademia na yarda, amma kar a hana su Uffizi gaba ɗaya. A yi mata awa biyu, a tsaya a bene na sama, a fita. Akwai lifta, suna ba da aron keken guragu kyauta, Hajiya ta zauna a tura ta. Ku tsaya gaban zanen da wani mai suna Gentile da Fabriano ya yi a 1423, ku dubi zagayen hasken da ke kan Maryamu: an kwaikwayi rubutun Larabci da ruwan zinare, saboda kayan Misira da Sham su ne kayan alfarma a garin a lokacin. Tikitin babba wajen yuro 25 ne, da yuro 4 na kama lokaci. Duk wanda bai kai 18 ba kyauta ne ko daga wace ƙasa yake, amma sai an kama masa gurbi an biya yuro 4 ɗin, a kuma nuna fasfonsa a ƙofa. A shafin gidan tarihin kansa za ka saya. Shafukan da ke fara fitowa a Google yawanci 'yan kayi-nayi ne, suna ninka kuɗin har su sayar maka da tikitin yaro. Litinin Uffizi da Accademia a rufe suke. Lahadin farko na wata kyauta ne, shi ya sa ba ranar zuwa da tsohuwa ba ce.

Babban abu ɗaya a rana, da safe. Daga azahar zuwa la'asar a koma masauki. Da yamma a hau bas 12 ko 13 zuwa Piazzale Michelangelo a ga garin daga sama, ba ko sisi. Tikitin bas yuro 1.70 ne na minti 90, ana saya a shagunan da ke da alamar T, kuma sai an buga shi a na'ura da an shiga. Tikiti a aljihu ba bugu daidai yake da babu a wurin masu duba.

Anti Mai Girki: To ku matsa in yi maganar ciki. Toskana, yankin da Fulorens take, ƙasar alade ce da giya, ba su ɓoye ba, matsalar dai sunayen suna da yawa. Ka kwafe waɗannan a waya: maiale, prosciutto, salame, salsiccia, pancetta, guanciale, speck, mortadella, finocchiona, porchetta, lardo, duk alade ne. Cinghiale aladen daji ne, suna yin miyar taliya da shi sosai. Wanda ya fi shammatar mutane shi ne strutto, narkakken kitsen alade da ake sawa a wasu burodi da kek, ba a gani ba a jin wari. Burodin nan mai faɗi da ake layinsa a titin Via dei Neri, schiacciata, wasu da man zaitun suke yi wasu da strutto, cikinsa kuma galibi alade ne, wuƙa ɗaya ake yanka komai da ita. Carbonara da amatriciana da alade ake yinsu. Miyar ragù sau da yawa an haɗa naman sa da na alade an zuba giya. Peposo naman sa ne amma a cikin jar giya aka dafa shi. A kayan zaƙi, tiramisù wani da giya wani babu, biskit ɗin cantucci kuma da ƙaramin kofin giya ake kawo shi, a ce ba a so.

Jimlar da za ka riƙe: senza maiale, senza vino, ba alade ba giya. Ka tambayi strutto da sunansa, don mai kawo abinci ba lallai ya lissafa shi cikin nama ba.

Abin da za ku ci ya fi wanda za ku bari yawa. Ribollita, miyar wake da ganye da busasshen burodi, mai kauri, tana riƙe ciki. Pappa al pomodoro, faten burodi da tumatir da man zaitun, Hajiya za ta so shi don laushi. A tambaya dai ko da romon nama aka yi su. Taliya da tumatir, taliya da kifi, farin wake da man zaitun, fiza margherita ko marinara ko mai kifin tuna. Burodin garin ba gishiri, haka suke yinsa, ba mantuwa ba ce. Abincinsu ba yaji, ku taho da garin yajinku.

Baban Khalifa: Anti, naman san nan da ake ta ɗauka a hoto fa? Kuma kilishi da dambun nama da Hajiya ta ce sai ta tafi da su?

Anti Mai Girki: Bistecca alla fiorentina ke nan. Abu uku. Ba yankan Musulmi ba ne sai inda aka rubuta halal, hukuncin wannan kuma ka tambayi malaminka kafin ka taso, kar a zo ana gardama a kan tebur. Na biyu, da nauyi ake sayarwa. In ka ga ƙaramin farashi da kalmar etto a gefe, na giram 100 ne, yankan kuma ba ya kasa kilo ɗaya, to ka ninka sau goma ko fiye. Ka ce a kawo maka ɗanyen ka ga nauyinsa kafin a gasa. Na uku, cikinsa ja suke barinsa, in ka ce a gasa sosai wasu masu girkin ba sa yarda. Wanda bai saba ba kuɗinsa zai yi ciwo.

Ga masu son kayan ciki akwai lampredotto, tumbin sa da ake dafawa a sa cikin burodi a kekunan bakin titi, shi ma maganar yankan tana nan. Nama na halal yana lungunan da ke kewaye da tasha da kasuwar San Lorenzo, irin su Via Palazzuolo da Via Panicale, akwai mahautan Larabawa da 'yan Pakistan da Bangaladash, da masu kebab da shinkafa. Tunda kuna da kicin: shinkafar Arborio tana da danƙo, tana yin tuwo lafiya lau, garin polenta na masara ne, semolino kuma shi ne samo. Kuɓewa da attarugu a shagunan 'yan Asiya. A babban kanti kai za ka auna kayan miya ka manna takardar farashi, da safar leda a hannu. A kasuwa kuwa ba a taɓa kaya, nunawa ake yi.

Injiniya: Kilishi da dambu da man shanu kar su shiga akwati. An hana shigo da nama da kayan madara cikin Tarayyar Turai daga waje, ko busasshe ne ko na ci ne kawai. In an gani za a ƙwace, ana iya ɗora tara. A lallashi Hajiya tun a gida. Kuɗin hannu kuma in ya kai yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastam.

Maman Ilham: Lokacin cin abinci ma a kula. Gidajen abinci na gaske suna girki daga 12:30 zuwa 2:30, sai kuma 7:30 na dare. Wanda ka gani a buɗe ƙarfe biyar da hotunan abinci a ƙofa da mai kiran mutane, na baƙi ne. In yunwa ta kama yara a tsakani, benen sama na babbar kasuwar abinci ta Mercato Centrale a buɗe yake har dare, kowa ya zaɓi nasa a zauna tebur ɗaya. Za ka ga coperto a rasit, yuro 2 zuwa 3 kowane kai, kuɗin zama ne da burodi, ba cuta ba ce, amma ku shida a lissafa. Shayi ko kofi a tsaye gaban kanta farashi daban, a zaune a dandali farashi daban. Ruwa a ce naturale, in ba haka ba a kawo mai gas. A jikin Palazzo Vecchio akwai famfon ruwan sanyi kyauta, a cika gora.

Askirim: wanda aka tula kamar tsauni mai launi ƙyal-ƙyal, a wuce. Mai kyau yana kwance a mazubi ko a rufe da murfin ƙarfe, na ayaba launin toka-toka, na fistashiyo ba kore shar ba. A faɗi girman kofi da farashi kafin a ɗiba, musamman kusa da gada. Malaga, zabaione da zuppa inglese suna da giya.

Ɗan Dukawa: Fata sana'armu ce, bari in daɗe a nan. Rumfunan San Lorenzo da na Mercato Nuovo duk za su ce maka vera pelle, fata ta gaske. Ko da gaskiya ne, bai gaya maka darajarta ba. Fata ana tsaga ta gida biyu: saman da ke da fuska, pieno fiore, shi ne mai ƙarko, yana ƙara kyau da tsufa. Na ƙasan, crosta, shi ake shafa wa roba a buga masa zanen fuska, bayan shekara ya fara ɓarewa a lanƙwasa da hannun jaka. Akwai kuma garin fata da aka haɗa da gam, bel ɗin yuro goma yawanci shi ne.

Yadda za ka duba: nemi inda aka yanka ba a rufe bakin ba, cikin aljihu ko ramin bel. Fata zare-zare take, abu ɗaya daga sama har ƙasa. In ka ga hawa-hawa ko yadi a baya, ajiye. Danna da babban yatsa, ta gaske tana yin ƙananan tamoji ta koma. Shinshina, warin jima daban da warin roba. Ja zif sau biyar, dubi ɗinki a inda hannu ya haɗu da jiki, nan jaka ke fara mutuwa. In mai rumfa ya kunna ashana ya kanga wa jakar, wasa ne, roba mai kyau ma tana jure daƙiƙa biyu.

Abin da Musulmi ya kamata ya sani: ana yawan yin shafin cikin takalmi da jaka da safar hannu da fatar alade. Tana da alama, ƙananan huda uku-uku a tare, kamar an tsira da allura. Leƙa cikin takalmin a haske. Ka tambayi fodera, wato shafin ciki. Vitello ɗan maraƙi ne, capra akuya, agnello ɗan rago.

Wanda ke son ganin aiki da idonsa ya je Scuola del Cuoio a bayan majami'ar Santa Croce, makarantar dukanci da aka buɗe a 1950 don koya wa marayun yaƙi sana'a. Ana yanka ana ɗinki a gabanka, suna buga harufan suna da ruwan zinare. Da tsada, amma ko ba ka saya ba hannunka ya san ta gaske kafin ka shiga kasuwa. Majemar yankin tana Santa Croce sull'Arno, tsakanin Fulorens da Pisa, inda har yau ake jima da ɓawon itace, dangin aikin bagaruwa. Kuma fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Kano, Italiya na cikin manyan masu sayensu, don haka kar ka yi mamaki in jakar da ka biya da yuro jar akuyar Sakkwato ce ta dawo gida. A rumfa ana ciniki, musamman in ka ɗauki biyu da kuɗi a hannu. A kanti ba a yi. Jakunkunan da ake shimfiɗawa a ƙasa da sunan manyan kamfanoni kuwa, mai saye ma ana cin sa tara, daga yuro 100 har 7,000. Araha ba ta ado.

Hajiya Mai Gwal: Ɗana, gaya wa maiɗakinka ta je Ponte Vecchio ta sha kallo, amma ta san me take saya. Maƙeran zinare suna kan gadar tun 1593, da aka kori mahauta saboda wari. Gwal ɗinsu karat 18 ne, za ta ga 750 a jiki, da wani ƙaramin hatimi mai tauraro da lamba da harufa biyu na lardi, FI ko AR ko VI. In babu waɗannan biyun kar ta karɓa. Wanda muka saba saya a Dubai da Makka 21 ne ko 22, wato 875 da 916. Na 18 ya fi tauri, ya fi riƙe dutse, aikinsa ya fi laushi, sai dai a gadar ba da giram suke sayarwa ba, kuɗin aiki da na hayar wurin ake biya. Ranar da ta kai shi kasuwa a gida, sikeli kawai za a ɗora. In na ado take so, bismilla. In na ajiya ne, ta riƙe kuɗinta. Ko a kanti ta sa a auna a rubuta giram a rasit.

Malama Hadiza: Hajiya, ai ko na adon ne, shagunan da ke nesa da gadar sun fi sauƙi, kuma yawancin sarƙoƙin daga Arezzo suke, tafiyar awa ɗaya a jirgi. Mai son turare kuma ta leƙa tsohon kantin Santa Maria Novella a Via della Scala, wanda ya buɗe wa jama'a tun 1612. Shiga kyauta, ginin kansa abin kallo ne. Rangwamen bazara yana farawa farkon Yuli, amma wajen 15 ga Agusta ƙananan shaguna da yawa suna rufewa su tafi hutu.

Injiniya: Kar a manta da karɓo haraji. Kaya irin jaka da gwal akwai harajin kashi 22 a cikin farashinsu, kuma wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya karɓar wani abu in sayayyar kanti ɗaya ta haura yuro 70. Tun Fabrairun 2024 aka sauko da shi haka. Matakan: ka nuna fasfo a kantin kafin a buga rasit, ka ce tax free, su cika takardar da sunan da ke fasfo. Rumfunan kasuwa galibi ba sa yi. A filin jirgi ka je wurin tantancewa kafin ka ba da akwati, kayan suna hannunka ba a yi amfani da su ba, don kwastam na iya cewa a nuna. Inda ake faɗuwa: an riga an tura akwatin, ko uwargida ta rataya jakar, ko sunan mai kati daban da na mai takarda. Kuma ba 22 ɗin za ka gani ba. Jakar yuro 300 harajinta wajen 54 ne, kamfanin da ke biya ya cire nasa, ka tashi da 35 zuwa 40. Ka ƙara awa ɗaya a kan lokacin zuwa filin jirgi.

Malam Na-Toskana: Salla: masallacin garin yana wajen Piazza dei Ciompi, kusa da Santa Croce, ba shi da hasumiya, ran Juma'a a je da wuri. Babban ginin nan mai koriyar ƙubba da za ku hango daga sama, wurin ibadar Yahudawa ne, baƙi da yawa suna ɗauka masallaci ne. Alƙibla kudu maso gabas take, ba yadda jiki ya saba ba, a duba manhaja. A farkon bazara magariba tana kaiwa ƙarfe tara, isha wajen sha ɗaya, asuba kafin huɗu, shi ya sa barcin rana ya zama dole. Hijabi ba mai tankawa. Mai niƙabi za a iya cewa ta buɗe fuska a wurin bincike. A dandalin Duomo ku kula da masu shimfiɗa zane a ƙasa don a taka a biya, da masu ɗaura wa yaro zare a hannu suna kiranka ɗan uwa. Lambar gaggawa 112.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Saura ɗaya: Khalifa ya dage sai ya ga hasumiyar nan mai karkata. Za ta shiga cikin kwana huɗun?

Injiniya: Za ta shiga, rabin yini ne. Jirgin yanki daga Santa Maria Novella zuwa Pisa kamar awa ɗaya, farashinsa ba ya canzawa, ba sai an saya da wuri ba. Tikitin takarda sai an buga shi a na'urar bakin dandamali kafin a hau. Daga Pisa Centrale zuwa hasumiyar tafiya ce mai ɗan nisa ga Hajiya, ku canza jirgi zuwa Pisa San Rossore, tasha ɗaya ce, daga nan 'yan mintuna ne a ƙafa. Hawa da lokaci ne, a kama tun daga gida, jaka kuma a ma'ajiya ake barinta. Yaron da bai kai 8 ba ba a barinsa ya hau, don haka ƙaramin yana ƙasa tare da kakarsa. Kafin ka tsayar da ranar ka bincika ko akwai yajin aikin jiragen ƙasa, sciopero suke ce masa, ana sanarwa tun da wuri. In ya faɗo ranar aiki, jiragen yanki da aka lamunce su ne na 6 zuwa 9 na safe da na 6 zuwa 9 na dare.